Dutsen Ga Shi Kana Gani, Amma Ta Ina Za Ka Bi?

"Assalamu alaikum, Malam. Mu 'yan wata ƙaramar ƙungiya ne ta masu hawan dutse a Jos, ba mu fi mu goma sha biyu ba. Shekara uku ke nan muna tara bayanan wuraren da muke hawa a Shere da wajen Riyom, wasu a WhatsApp, wasu a littafi. Yanzu muna so mu zuba su a intanet domin baƙi su amfana. Matsalarmu biyu ce: ba mu san yadda za mu tsara su ba, kuma kusan duk wanda muka tura wa lambobin wuri sai ya bugo waya ya ce ya ɓata. Ina kuskuren yake?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kawo matsala biyu, amma a ganina uwarsu ɗaya: kun rubuta inda dutse yake, alhali ba shi baƙo yake nema ba. Dutsen ai tun daga titi yake hangensa. Abin da ya rasa shi ne inda zai sauka daga mota, ta gefen wace gona zai ratsa, wa zai tsaya ya gaisar, da gindin wane bango zai kwance igiyarsa. In kun bi sawun ƙafar baƙo wajen rubuta jagorar, tsarin shafin da daidaiton lambobin duk za su zo muku da sauƙi.

Ni safiyo ne sana'ata, hawan dutse kuwa a Shere na fara taɓa igiyarsa, saboda haka na ɗauka ba zan taɓa yin wannan kuskure ba. Na yi shi. Wasu abokai sun taso daga Kaduna, na tura musu lamba ɗaya tak, wadda na ɗauka ina tsaye a ƙololuwar dutsen. Lambar ba ta da aibi ko na taku biyar. Sai dai Google Maps ba ta san bango ba, ba ta san rafi ba. Abin da take yi shi ne ta nemi titin da ya fi kusa da alamar ta kai ka can. Titin da ya fi kusa kuwa yana bayan dutsen, ta wajen masu fasa dutse. Suka wuni suna ganin inda nake, ni ma ina hangen motarsu, amma tsakaninmu akwai kwazazzabo da sarƙaƙiya. Kafin su zagayo rana ta take, hawan ranar ya tashi.

Tun daga nan ba na ba kowa lamba ɗaya. Kowane wurin hawa ina rubuta masa aƙalla huɗu: inda ake ajiye mota ko inda ɗan acaɓa zai sauke ka, inda 'yar hanyar ƙafa ta rabu da titi, gindin bangon da ake hawa, da kuma inda ake saukowa idan ba ta igiya za a dawo ba. Duk mararrabar da ni kaina na taɓa tsayawa ina waige-waige a kanta, ita ma tana samun tata. Wadda za ku sa a maɓallin "kai ni can" ita ce ta wurin ajiye mota, ba wata ba. Ta saukowa kuwa ita aka fi mantawa, kuma ita ce mutum ya fi buƙata, domin a lokacin ne ya gaji, ruwansa ya ƙare, magariba ta kawo jiki.

Lambobin su kansu

Duk wuri a Najeriya yana arewa da layin da ya raba duniya biyu, yana kuma gabas da layin Girinwic, don haka bari in kira su lambar arewa da lambar gabas. Ana rubuta su iri uku: digiri da ɗigo, ko digiri da minti, ko digiri da minti da sakan. Nan ne mafi yawan ɓata yake faruwa, ba a tauraron ɗan'adam ba. Digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 111 ne, kuma minti sittin ne a cikinsa, ba ɗari ba. Jos tana wajen digiri 9 da minti 55. Wanda ya kwafi wannan daga littafi ya buga 9.55 a waya ya yi tsammanin abu ɗaya ya rubuta, alhali daidansa shi ne 9.917. Tazarar da ke tsakani ta kai kilomita arba'in. Ka duba littafinku, zan yi mamaki in ba a sami irin wannan ba.

Akwai kuma wani tarko da ya fi kama mutanen Filato a kan kowa. Lambobinku biyu sun yi kama da juna: arewa wajen 9.9, gabas wajen 8.9. Bature a Faransa in ya juya nasa, alamar takan faɗa wata nahiya ko cikin teku, nan take ya gane. Kai in ka juya naka, alamar ba za ta ko fita daga jihar ba, za ta sauka can kudu wajen yankin Wase, kuma ba abin da zai nuna maka an yi kuskure. Juyawar ba kullum laifin hannu ba ce: Google Maps tana fara kawo ta arewa, amma fayilolin taswira irin su KML da GeoJSON ta gabas suke fara rubutawa. Saboda haka ku tsayar da doka ɗaya, ku rubuta ta a shafin farko: digiri da ɗigo, arewa kafin gabas, lamba biyar bayan ɗigo.

Me ya sa biyar? Lamba ta uku bayan ɗigo tana wakiltar kusan mita 111, ta huɗu mita 11, ta biyar mita ɗaya da 'yan kai. Uku ba ta isa ba, za ta iya ajiye mutum a wancan gefen dutsen. Bakwai ko takwas da waya ke zubowa kuwa ado ne kawai, wayar ba ta san wurin zuwa wannan matsayi ba, kuma yawansu yana sa mai karatu ya yarda da su fiye da kima.

Saura maganar tsofaffin taswirori. In kun sami takardun safiyo na da, masu ma'aunin 1:50,000, ku riƙe su da kyau, domin sun nuna rafuka da tudu da sunayen ƙauyuka fiye da abin da ke waya. Amma kada ku kwashi lamba daga jikinsu ku zuba kai tsaye. An zana su ne bisa ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin lissafin lambobin wuri na Najeriya, waya kuwa tana aiki da na duniya da ake kira WGS84, kuma a yankinmu bambancin yakan kai kusan mita tamanin, galibi ta gabas da yamma. Ga shi kuma milimita ɗaya a takardar mita hamsin ce a ƙasa, kaurin bakin fensir ma ya isa ya kauce da kai.

Abin da waya take yi a gindin bango

Tun watan Mayu na 2000, da gwamnatin Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin GPS da gangan, waya a fili mai buɗaɗɗen sama takan kawo ka cikin mita biyar ko makamancin haka. Wayoyin yanzu ma ba taurarin Amurka kaɗai suke saurare ba, suna haɗawa da na Turai da Rasha da Sin. Matsalar ita ce mu masu hawa a wuri mafi muni muke son lamba. Idan ka jingina da bango, dutsen ya tare maka rabin sama. Saƙon taurarin da suka rage kuma wani yakan bugi dutsen ya dawo, kamar amsa-kuwwa, sai wayar ta lissafa doguwar hanya ta ɗauka ita ce ta gaskiya. A tsakanin manyan duwatsun Shere na sha ganin ɗigon yana yawo mita ashirin, talatin, ina tsaye ban motsa ba.

Abin da nake yi shi ne in ja baya zuwa inda sama ta buɗe, ko da taku goma sha biyar ne, in ɗora wayar a kan fa, in bar ta minti biyu ko uku ta natsu, sannan in rubuta lambar tare da kimar kuskuren da manhajar ta nuna. Sai in ƙara da baki: alamar tana taku goma sha biyar yamma da gindin hanyar hawa ta farko da ke jikin bangon, kusa da itacen ɓaure. In na sake zuwa wata rana, in sake ɗauka. Biyu in sun yi kusa na yarda da su, in sun saɓa sai ta uku ta raba gardama. A gida kuma in ɗora su a kan hoton sama in gani ko sun zauna inda hankali zai karɓa. Hoton saman shi ma ba alƙali ba ne: sau da yawa a karkace aka ɗauke shi, sai dogon dutse ya fito kamar ya kwanta gefe, inuwarsa ta rufe gindin da kake nema. Da shi ake kama babban kuskure, ba a gyara ƙarami da shi.

Lambar tsawo da waya ke bayarwa ta fi sauran rauni, kada ku auna bango da ita. Igiya ce ma'auni. In igiyarku mita sittin ce kuma tsakiyarta ta iso hannun mai riƙe igiya a ƙasa daidai lokacin da mai hawa ya kai ƙarshe, hanyar mita talatin ce. Wannan adadi ba abin wasa ba ne, domin wanda ya karanta ashirin da biyar ya zo da igiya mai mita hamsin, tunda hawa da saukowa ninki biyun tsawon hanya suke ci, igiyar za ta ƙare masa wajen saukowa yana rataye. Gara ku ƙara a kan ku rage.

Hotunan da kuka tara a WhatsApp kuwa, kada ku sa rai da lambar da ke ɓoye a cikinsu. Hoton da aka tura a matsayin hoto an riga an kankare masa wannan bayani, sai wanda aka tura a matsayin fayil. Ko ta tsira ma, inda mai ɗauka ya tsaya take nunawa, wanda zai yiwu yana can tsallaken kwari.

Tsarin jagorar

Manyan shafukan masu hawan dutse na duniya irin su theCrag da Mountain Project duk tsarin bishiya suke bi: yanki, sai dutse, sai bango, sai hanya. Ku ma shi za ku bi, ba sai kun ƙirƙiro sabo ba. Inda zan ja hankalinku shi ne reshen farko. Kada ku raba da jiha ko ƙaramar hukuma. Iyakoki suna canzawa, Nasarawa ma a cikin Filato take kafin 1996, kuma mutane ba da su suke tunani ba. Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira ɗari a jihar Neja yake, amma duk mai zuwa wurinsa daga Abuja yake lissafin tafiyarsa. Ku raba da garin da ake tasowa da titin da ake bi: na hanyar Bauchi, na hanyar Riyom, haka. Duwatsu biyu da ke kallon juna amma ba a shigarsu ta wuri ɗaya, shafi biyu ne.

Duk bayanin da ya shafi dutse gaba ɗaya, kamar izini da hanyar zuwa da ruwan sha, a shafin dutsen zai zauna sau ɗaya. In kuka maimaita shi a ƙarƙashin kowace hanya, ranar da manomi ya katange gonarsa za ku gyara wuri uku ku manta da bakwai. Hanyoyi kuma a jera su daga hagu zuwa dama ga wanda ya fuskanci bango, a faɗi haka a sarari. Kowace hanya a ba ta lambar rajista da ba ta canzawa har abada, dabam da lambar jerinta a hoto, domin gobe wani zai buɗe sabuwa tsakanin ta uku da ta huɗu.

Tushen komai ya kasance tebur ɗaya a kwamfuta, layi ɗaya ga kowace alama, shafin intanet daga gare shi yake ɗiba. A teburin akwai gurabe uku da ba na yarda a bar su fanko: wa ya ɗauki lambar, yaushe, kuma da me. Lambar da mutum ya ɗauka da ƙafarsa a wurin dabam take da wadda ya dangwala a hoton sama yana kwance a ɗaki, kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin wacce aka ba shi. Ni har a shafin nakan rubuta "an taka" ko "ba a taka ba tukuna".

Ma'aunin wahalar hanya ku zaɓi ɗaya. Na fi son na Faransa, mai 5a da 6b, domin shi baƙi daga ƙasashe da yawa suka sani, amma wanda kuka saba da shi ya fi. Abin da ya fi ma'aunin muhimmanci a duwatsunmu shi ne faɗin halin dutsen. Irin wannan dutse yakan yi ɓawo kamar albasa, zafin rana da sanyin dare suna ɗaga shi a hankali, wani falle in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amo kamar ganga. A rubuta. In akwai ƙusoshin ƙarfe a hanya, a rubuta shekarar da aka kafa su. In akwai zuma ko rina a tsaga, wannan ya zo a layin farko, ba a ƙasan shafi ba.

Wani abu da kwafar tsarin Turawa yake jawowa: su bangon da ya kalli kudu shi ne mai rana kullum. Mu a digiri goma ba haka ba ne. Rana tana ratsa tsakiyar kanmu sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Da hunturu tana karkata kudu, bangon arewa ya sami inuwa, da damina kuma ta koma arewa. Saboda haka ku rubuta inda bango ya fuskanta, ku ƙara da ƙarfe nawa inuwa take zuwa a watan da kuka je.

Suna

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne masu jagora suka fi yin ɓarna ba su sani ba. Kalmar dutse kaɗai ba ta kai kowa ko'ina: akwai Dutse ta Jigawa, akwai Dutsen Alhaji a Abuja, akwai Goron Dutse a Kano, ga Dutsin-Ma a Katsina. Sannan duwatsun da kuke hawa suna da sunaye tun kafin a haifi kakanninmu, da harshen Afizere a wajen Shere, da Berom a wajen Riyom. Sunan da masu wuri suke kira shi ne zai zo a sama, a tambaye su yadda ake faɗinsa, a rubuta yadda suka ce. Sai na Hausa in akwai, sai laƙabin da ƙungiyarku ta raɗa. Ba don ladabi kaɗai ba. Baƙon da wayarsa ta mutu zai tari mai kiwo ko mai itace ya yi tambaya, kuma ba wanda ya taɓa jin laƙabinku a ƙauyen. Ranar da aka yi hatsari kuma, Allah ya kiyaye, da sunan gari za a kira mutanen da za su ɗauko shi.

Ku kula da haruffa masu lanƙwasa. Baƙin Dutse da Bakin Dutse ba wuri ɗaya ba ne, ɗaya launi ne, ɗaya gefe. A rubuta daidai, amma a sa akwatin nema ya gane duka biyun, tunda yawancin wayoyi ba a saita musu ƙ da ɗ ba.

Wuraren da ba a sa wa alama

Ba duk abin da kuka sani ne zai hau intanet ba. Dutsen Wase, wanda ya miƙe shi kaɗai a fili kamar an dasa, duk mai hawa in ya gan shi sai ransa ya biya, amma yana cikin 'yan wuraren da kwasakwasa ke ƙyanƙyasa a wannan yanki na Afirka, kuma an keɓe shi domin tsuntsayen. Duwatsun Birnin Kudu suna ɗauke da zanen mutanen da, hannun mai hawa da ya shafa alli in ya goge shi ba ya dawowa. Wasu duwatsun wuraren ibada ne ga masu su, wasu maƙabarta. Wasu kuma suna jikin bariki ko gidan gwamnati, wanda ya tsaya da kyamara a gindin Aso zai yi bayani mai tsawo. Irin waɗannan ko dai a bar su, ko a ambace su da gargaɗi ba tare da lamba ba.

Sauran ma, kafin lamba ta fita, a je wurin mai unguwa ko dagaci a gaya masa cewa baƙi za su fara zuwa. In ya ce a riƙa biyowa ta gidansa, to lambar da za ku wallafa ta ƙofar gidansa ce, ta bango kuma a samu daga bakinsa. Batun tsaro kuwa ba na yarda jagora ta ce wuri "lafiya lau ne". Ta ce: ranar kaza ga watan kaza muka je, muka dawo lafiya, a tambayi mutanen gari kafin a taso. Hali yana canzawa cikin mako guda, shafi kuwa yana nan shekara biyar.

A kan inda za ku zuba aikin, ni zan raba biyu. Jagorar mai cikakken bayani, da Hausa da Turanci, ku riƙe ta a hannunku, mara nauyi, wadda za a iya saukewa a waya tun daga gida tare da fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da alamomin wuri da manhajar taswira ke buɗewa, domin a bayan dutse sabis yakan ɗauke. Hanyoyin ƙafa da wuraren ajiye mota kuma ku zana su a taswirar OpenStreetMap, wadda kowa ke iya gyarawa tun 2004, daga nan manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps za su ɗauka su nuna ba tare da data ba. Sharaɗin OpenStreetMap shi ne abin da kuka taka da kanku, ba a kwafo musu daga Google.

Iyakar abin da zan iya ba ka daga nesa ke nan. Ingancin ƙusa ko ƙarfin falle ba a yanke masa hukunci ta hoto ko ta wasiƙa, sai wanda ya iya ya je ya taɓa. Maganar alhakin da zai hau kanku in wani ya ji rauni yana bin jagorarku kuwa ta lauya ce, ku nemi ɗaya kafin ku buɗe shafin.

Kafin nan, ku gwada shafi ɗaya. Ku sami wanda bai taɓa zuwa wurin ba, ku ba shi, ku bi shi a baya bakinku alaikum, kowa da littafi a hannu. Duk inda ya tsaya ya ɗaga kai, a sa alama. Na yi wannan da ƙanin matata a wani dutse da na je fiye da sau talatin. Na rubuta "ka bi dama a wurin babban dutse". Ya tsaya a tsakiyar duwatsu kusan goma, kowanne ya fi ɗaki, ya juyo ya ce, "Yaya, wanne ne ƙaramin?"